DUBAN TSUNTSAYE DA ƘWARI A LAMBU DA FARKON KAKA

Marka ta wuce, ruwa ya fara ja da baya. Gero ya nuna a gonar makaranta har an soma yanka, dawa kuwa tana fid da kai. Wannan lokaci shi mu ke kira farkon kaka, watau daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. A cikin shekara duka babu sa'ad da lambu ya ke cika da rai kamar yanzu, gama ciyawa ta yi 'ya'ya, ƙwari sun hayayyafa, tsuntsaye kuwa waɗansu na shirin tashi, waɗansu na saukowa. Mu da aka ɗora wa aikin lambu mun ga ya kamata mu gaya wa 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu abin da muka koya wajen duban waɗannan halittu da ɗaukar hotonsu.

Abin da ya sa muka shiga wannan sha'ani wani kuskure ne da muka yi bara. Darɓa ta kama mana wake, ganye ya yi ta nannaɗewa yana danƙo. Da muka duba ƙarƙashin ganyen sai muka tarad da waɗansu 'yan ƙwari baƙaƙe masu ɗigon ja, dogaye, kamar 'ya'yan kada ƙanana. Muka ce lalle su ne masu ɓarnar. Muka tsince su muka murje, sa'an nan muka fesa magani da hantsi, furen wake na buɗe. Kashegari ƙudan zuma na kwance matattu a bakin kunya, bayan kwana kaɗan kuma darɓar ta komo fiye da dā. Ashe ɗaya daga cikinmu ya ɗauki hoton 'yan ƙwarin nan kafin a kashe su. Da malamin aikin gona ya ga hoton sai ya kama baki, ya ce, "Samari, ai kun kashe dogarai kun bar ɓarayi." Ya bayyana mana 'ya'yan ɗan ƙwaron nan ne mai jan baya da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wanda ya ke kamar rabin ƙwayar wake, kuma ba su da abinci sai ƙwarin darɓa. Tun daga ran nan muka yi alkawari ba mu ƙara kashe abin da ba mu san shi ba.

MASU TAFIYA DA MASU ZUWA

Mu fara da tsuntsaye. Kowa ya san shamuwa, wadda zuwanta a bazara ya ke yi wa manomi albishirin ruwa. Ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe, ta ciyad da 'ya'yanta da fara da tsutsa. To, a watan Oktoba sai ku ga sun taru suna kewaya a sama, bayan 'yan kwanaki a neme su a rasa. Ba ɓacewa su kan yi ba. Gabas da kudancin Afirka su ke nufa, inda damina ta ke farawa sa'ad da tamu ta ke ƙarewa. Cilakowa ma a wannan lokaci a kan gan su suna bin juna ɗaya bayan ɗaya sun doshi kudu, suna tafe suna kuka.

Waɗansu kuwa ba su tafiya ko'ina, sai dai su sake tufa. Namijin mulufi, wanda ya sha ado da ja da baƙi duk damina yana tsalle a kan karan dawa, da kaka ta yi nisa sai ya zubad da gashin nan ya koma ruwan ƙasa kamar macensa, har mai kallo ya kasa rarrabe su. Haka namijin kabare ya ke yar da rawayarsa da baƙin kansa, zalaidu kuma ya yar da doguwar wutsiyarsa. Saboda haka wanda ya ke son hotonsu cikin kayan ado, kada ya yi jinkiri, don 'yan makonni kaɗai suka rage masa.

Sa'an nan ga baƙi daga Turai. Kakar Turawa ta zo daidai da tamu, amma tasu sanyi ta ke kawowa, ƙwari su ƙare, tsuntsaye masu cin ƙwari su rasa abinci. Sai su ɗauko hanya su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kai kimanin kilomita 1,800. Ƙasarmu ita ce koren wuri na farko da su ke tararwa bayan hamada. Tsattsewar Turai, mai jan maƙogwaro da wutsiya mai reshe biyu, nauyinta bai wuce giram 20 ba, amma da wannan ɗan jiki ta ke yin tafiyar. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu toka-toka da ya kan zauna a kan busasshen reshe, ya zabura ya cafe ƙuda a iska, ya komo inda ya tashi, ya yi ta yin haka. Akwai wani mai rawayan ciki mai kaɗa wutsiya, wanda ya ke bin sawun shanu a filin wasa. Duk waɗannan baƙi ne, sai bazara za su koma.

Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu su ke shiga da sanyi ba, har waɗansu masanansu na dā suka ce tsattsewa cikin taɓon tafki ta ke kwanciya. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu ɗan'uwan shamuwa a arewacin Jamus, aka same shi da mashin mutanen Afirka soke a wuya. Har yanzu yana ajiye a Jami'ar Rostok. A 1899 wani malamin makaranta a Danmak, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Wata tsattsewa da aka sa wa zobe a Ingila a 1911, aka same ta a ƙasar Natal ta Afirka ta Kudu a ƙarshen 1912. Ku duba fa, malamin makaranta ne ya buɗe wannan ƙofa, da haƙuri da rubuta abin da ya gani.

Abin da ya sami ƙasarmu kuwa ya kan nuna a can. Da ruwa ya yi ƙaranci a bakin hamada a 1968, sai masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya ke yin rani a wajenmu, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a 1969. Watau itacen da muka sare, ko tafkin da ya ƙafe, ba mu kaɗai ya shafa ba.

'YAN GIDA

Kada sha'awar baƙi ta sa mu manta da 'yan gida. Ga kurciya, ga hasbiya a kan rufin ɗakin karatu, ga gwara, ga tsakwaikwaiwa mai sheƙi, ga sha-kauci da ya ke zura dogon bakinsa cikin fure, ga ragon maza da ya ke rarrafe cikin shinge. Ga baiwar Allah, 'yar ja, da asisi mai shuɗin ƙirji, suna tsintar 'ya'yan ciyawa a ƙasa.

Baiwar Allah tana da wani labari mai ban mamaki. Akwai wani ɗan tsuntsu wanda namijinsa baƙi ne wuluk mai sheƙi, ba ya yin sheƙa ko kaɗan. Macensa sai ta saci jiki ta sa ƙwanta cikin sheƙar baiwar Allah. In ɗan ya ƙyanƙyashe, zanen cikin bakinsa daidai ya ke da na 'ya'yan mai gida, saboda haka uwar ta yi ta ciyad da shi ba ta sani ba. In ya girma namiji ne, kukan baiwar Allah ya ke kwaikwayo. Duk inda kuka ga ɗayansu, ku duba da kyau, ɗayan na kusa.

A nan ma sanin bambanci yana da amfani. Jan-baki, wanda ya ke sauka garke-garke a kan gero da dawa da shinkafa, shi ne abokin gaban manomi. Amma yara da yawa in sun riƙe danƙo, kowane ƙaramin tsuntsu mai ja a baki harbinsa su ke yi, har da baiwar Allah wadda ba ta taɓa zangarniya. Malamin da ya nuna wa yaransa hoton biyun gefe da gefe, ya ceci tsuntsu, ya kuma koya musu duba abu kafin yanke hukunci.

ƘWARI

Ƙwaro na ainihi yana da ƙafa 6, jikinsa kuma kashi uku ne: kai, da ƙirji, da ciki. Gizo-gizo ƙafarsa 8, jikinsa kashi biyu, don haka masana ba su lissafa shi cikinsu, ko da ya ke shi ma ma'aikacin lambu ne, gama sauro da ƙuda ya ke kamawa.

Wanda ya ke son ya ga yadda malam-buɗe-littafi ya ke samuwa, ya tafi gindin tumfafiya. A bayan ganyenta zai sami ƙwai ƙanana ɗai-ɗai, da tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya. Tsutsar nan tana cin ganyen, dafin tumfafiya ya taru a jikinta, ya zauna har bayan ta rikiɗe ta zama malam-buɗe-littafi mai fukafukai ruwan goro da baƙin baki. Tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya marmarin na biyu. Shi ya sa za ku ga irin wannan yana tashi a hankali, ba ya gudun kowa. A kan lemo kuwa akwai wata tsutsa wadda tana ƙarama kamanninta sak kashin tsuntsu, fari da baƙi, sai ta girma ta koma koriya. Wannan ita ce ta ke zama babban nan mai baƙi da ɗigon rawaya. Ɗaya ta tsira da dafi, ɗaya ta tsira da ɓad da kama.

Har cikin ƙwari akwai matafiya. Wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da ɗigon fari a bakin fiffike ya kan taso daga Turai da kaka, ya ƙetare hamada, ya yi ƙwai a ƙasashenmu na ciyawa. A 2016 masana suka tabbatad da haka, tafiyar kuwa ta kan kai kilomita 4,000. Mazarin nan rawaya da ku ke gani suna shawagi da yawa a kan filin wasa, su ma ruwan sama su ke bi. Suna sa ƙwai a kududdufi, 'ya'yan su girma cikin ruwa kafin ya ƙafe, suna cin 'ya'yan sauro.

Ga masu taimako: ƙudan zuma da ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan har kabewa da kuɓewa su yi 'ya'ya, ƙoƙi-ƙoƙi da ke laɓe yana jiran fara, zanzaro da ke gina ɗakin laka ya cika shi da tsutsa ko gizo-gizo don abincin 'ya'yansa, buzuzu da ke binne kashin shanu ya gyara ƙasa. Amma al'amarin ba kullum ya ke a sarari ba. Hangara tana cin furen gero, ruwan jikinta kuma yana sa fata ta yi bororo, amma tsutsar waɗansu irinta cikin ƙasa ta ke zaune tana cinye ƙwan fara. Ɗan ƙwaron nan mai jan baya da muka ambata shi ma yana da ɗan'uwa wanda bayansa ba ya sheƙi, mai gashi-gashi, shi kuwa ganyen kabewa da guna ya ke ci. Ido kaɗai cikin gaggawa ba ya raba su, amma hoto ya kan raba.

Kada kuma a raina ƙaramin ƙwaro. Ƙwarin darɓa su ne su ke ɗaukar ciwon nan da ya ke sa gyaɗa ta tsuke ta ƙi 'ya'ya, wanda ya halaka gonakin gyaɗa masu yawan gaske a Arewa a 1975. A farkon 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa daga ƙasashen Amurka tana cin zuciyar masara a kudancin Nijeriya, kafin shekara biyu ta game yawancin Afirka. Alamarta biyu: a goshinta akwai farin zane mai kama da gwafa a kife, kusa da ƙarshen bayanta kuma akwai ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin ɗaki. Wanda ya ɗauki hoton da ya nuna waɗannan, ya aika wa malamin gona, ya taimaki ƙauye guda.

YADDA A KE ƊAUKAR HOTON

Tun ba a yi kyamara ba maharbanmu suka san asirin wannan aiki. Maharbi ya kan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa, ya sunkuya yana tafe yana sassarar ƙasa, har ya iso kusa da dabba ba ta farga ba. Waɗansu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka fid da littafin sheƙunan tsuntsaye mai hotuna a 1895, irin wannan dabara suka yi. Suka sa aka ɗinka musu fatar sa a kan katako, mutum ya shiga ciki da kyamara, yana leƙe ta wata kafa a ƙirjin san. Mu ba mu bukatar sa. Zana guda ta isa.

Ga yadda muka yi. Muka sami kasko mai faɗi, muka zuba ruwa wanda zurfinsa bai wuce gaɓar yatsa ba, muka sa 'yan duwatsu a ciki don ƙananan tsuntsaye da ƙudan zuma su sami wurin tsayawa. Muka ajiye shi kusa da shinge, inda tsuntsu zai faɗa in shaho ya kawo bara. Muka kafa busasshen reshe a gefensa, don tsuntsu ya kan so ya sauka ya duba kafin ya sha, a kan reshen nan kuwa hoto ya fi kyau. Sa'an nan muka kafa zana taku biyar daga kaskon, muka huda ta, muka bar ta kwana uku ba mu shiga ba har suka saba da ita. Lalle a riƙa zubad da ruwan ana wanke kaskon kowane kwana biyu, gama sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike bai fi kwana bakwai zuwa goma ba a lokacin zafi.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana haske ya yi ƙarfi, inuwa ta yi baƙi, tsuntsaye kuma sun shige cikin ganye. A sa rana a baya, don haskenta ya faɗa a kan abin da a ke ɗauka. In aka fuskanci rana, tsuntsun baƙi ƙirin zai fito. A sa tufa mai duhu, kada a sa farar riga. In za a ɗaga hannu a ɗaga a hankali, don motsi ne ya ke korar tsuntsu fiye da ganin mutum.

Ƙaramin tsuntsu ba ya tsayawa cik. Wanda kyamararsa ta ke da wurin saita sauri, ya sa ta buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya daga 500 na sakan, in kuwa mai tashi ne, ɗaya daga 1,000 ko fiye. A saita a kan idon tsuntsun. In ido ya fito sarai, ko wutsiya ta ɗan yi dishi-dishi hoton ya yi. Mai wayar hannu kada ya yi ta jawo hoto da yatsa, don ba ya ƙara kome sai dushewa. Gara ya matsa kusa, ko ya ɗora idon wayar a bakin madubin hangen nesa, ya dafa gwiwar hannunsa a kan wani abu don kada ya yi rawa.

Ƙwari kuwa sun fi sauƙi ga mai waya, in ya san lokacinsu. Jikinsu ba ya ɗumi da kansa, sai rana ta gasa su. Da sassafe, raɓa na kan ciyawa, za a sami mazari da malam-buɗe-littafi a maƙale ba su iya tashi, har a kai waya kusa da su kamar tsawon yatsa. A durƙusa a daidaita da su, kada a ɗauka daga sama kaɗai, kada kuma inuwar mutum ta faɗa musu. In don a gane iri ne, a ɗauki uku: ta baya, ta gefe, da ta kai. A ajiye tsinken ashana a gefe don a san girmansa, a kuma ɗauki ganyen da aka same shi a kai, gama sau da yawa shuka ita ke faɗin sunan tsutsa. Rina da hangara dai a dube su daga nesa.

Akwai abin da muka hana kanmu. Ba mu taɓa sheƙa, ba mu sare reshen da ya rufe ta don hoto ya fito, gama ganyen nan shi ya ke ɓoye 'ya'yan daga hankaka da zafin rana. In uwa ta tashi tana kewaye mu da kuka, mun matsa da yawa ke nan, sai mu ja da baya. Ba mu kuma kama ƙwaro mu kashe don ya tsaya.

HOTO DA LITTAFI

Hoton da ba a san ranarsa da wurinsa ba ado ne kawai. Saboda haka kowannenmu yana da ɗan littafi a aljihu, inda ya ke rubuta kwanan wata, da sa'a, da wuri, da yanayin gari, da abin da halittar ta ke yi. Muna rubuta ranar da muka ga shamuwa ta ƙarshe, da ranar da tsattsewar Turai ta fara bayyana, da ranar da mulufi ya fara kwaɓe jan rigarsa. Shekara ɗaya ba ta nuna kome, amma in waɗanda za su gaje mu suka ci gaba, bayan shekara goma littafin zai faɗi ko lokatai suna gurgusawa. Irin wannan rubutu ne masu binciken tsuntsaye na Jos su ke tarawa daga hannun jama'a tun 2015, don su zana taswirar inda kowane iri ya ke a Nijeriya.

Muna kuma rubuta sunan kowane da Hausa. Mun lura yawancinmu ba mu iya kiran sunan tsuntsu goma ba, alhali tsohon da ke gadin lambu ya san su duka, har da kukansu da lokacin ƙwansu. In muka nuna masa hoto sai ya faɗi suna, wani lokaci ɗan Sakkwato a cikinmu ya ce su ba haka su ke kiransa ba, sai mu rubuta duka biyu. Gobe mu ne za mu tsaya gaban yara a makarantun ƙauyuka, yaran da iyayensu manoma ne. In ba mu san abin da ke cikin gonar ubansu ba, me za mu koya musu game da ita?

Zanarmu tana nan a kafe bayan rijiyar lambu, ta ɗauki mutum biyu. Muna taruwa ran Asabar da fitowar rana. Duk mai so, ɗalibi ko malami, ya zo da littafi da fensir, in yana da waya ko kyamara ya riƙo, in babu idonsa ya isa. Sai dai ya zo da wuri, kuma ya bar hira a ɗaki.